Kafin Jarrabawa Ta Hau Kwamfuta, Ina Aka Baro Malamin Minna?

Duk wanda ya ɗauki hanyar Bida daga cikin Minna, da ya wuce Kpakungu ba zai yi nisa ba zai ga hedikwatar NECO, hukumar da aka kafa a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, don shirya jarrabawar kammala sakandare. In ya ƙara gaba a kan hanyar zai iske Gidan Kwano, mazaunin dindindin na Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a garin a 1983. In kuma ya juyo ya nufi Chanchaga, ga Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja, inda dubban malaman jihar suka samo takardar NCE. Hukumar da ke auna ɗalibi, da jami'ar da ke koyar da fasaha, da kwalejin da ke horar da malami, duk a gari ɗaya, tafiyar da Keke Napep zai yi bai ƙara mai ba. Garuruwan Arewa kaɗan ne Allah ya haɗa wa irin wannan arziki.

Shi ya sa sanarwar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a 2025 ta shafe mu fiye da kowa. Ya ce NECO da WAEC za su mayar da jarrabawarsu kan kwamfuta, a fara da tambayoyin zaɓi, zuwa 2026 a haɗa har da na rubutu. Dama WAEC ta fara gwadawa tun farkon 2024 da masu rubutawa a ƙashin kansu. Iyaye da malamai suka yi ta ƙorafi, har a Nuwamban 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030, a gina ɗakunan kwamfuta a ɗauki malamai tukuna. To, a ɗage ko kada a ɗage, an riga an san inda aka dosa. Yaron da ke ajin farko na ƙaramar sakandare a Limawa ko Maitumbi, da wuya ya gama makaranta bai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyin da za su yanke masa makoma ba. A duk muhawarar nan an yi ta ƙirga kwamfutoci da janareta da ɗakuna. Mutumin da zai shirya yaron kuwa, wanda ke tsaye gabansa kullum daga safe har azahar, ba kasafai ake ambatonsa ba, sai in za a ce shi ne matsalar.

Na taɓa shiga wata makarantar gwamnati a cikin garin nan, na roƙi a nuna mini ɗakin kwamfuta. Sai da aka aiki yaro ofishin shugaba ya karɓo makulli, aka buɗe kwaɗo biyu da ƙofar ƙarfe. Ga kwamfutoci nan a jere, kowacce an lulluɓe ta da ƙyalle, ƙurar hunturu ta kwanta a kai har mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa. Malamin darasin, wani matashi mai himma, ya ce rabon da a kunna su tun zangon da ya wuce. Wuta ba ta zama, kuɗin man janareta babu, kuma in wani abu ya lalace ko ya ɓace shi za a tuhuma, wataƙila ma a cire a albashinsa. Sai kowa ya ga zaman lafiyarsa a kulle ɗakin. Da muka fito na leƙa ajinsa. Ya zana madannan kwamfuta a allo da alli, layi bayan layi, yara suna kwafa a littafi suna haddace ma'anar kwamfuta da Turanci. Na tambayi wata yarinya ko ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Ta girgiza kai, amma ta karanto mini sassansa ba ko tuntuɓe.

A 2018 hoton wani malami ɗan Ghana, Richard Appiah Akoto, ya zagaya duniya saboda ya zana fuskar Microsoft Word a allo da alli mai launi, makarantarsa ba ta da kwamfutar da zai nuna wa yara. Aka yi ta yabo, aka aika masa da kayan aiki. Irinsa suna nan birjik a makarantunmu, babu dai wanda ya ɗauki hotonsu.

Maganar ba ta yau ba ce. Tun 1988, zamanin mulkin ɗan garin nan, Janar Ibrahim Babangida, Najeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. Manufar ta yi ta kwanciya a takarda har JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta zo ta tayar da mutane tsaye. Farfesa Dibu Ojerinde, wanda shi ne shugaban NECO na farko a nan Minna, da ya koma JAMB shi ya fara jarrabawar kwamfuta a 2013, zuwa 2015 aka daina ta takarda. Abin da ya biyo baya mun gani da idonmu. Makarantu ba su sauya yadda suke koyarwa ba, kasuwa ce kawai ta buɗe. Ana saura mako biyu jarrabawa za ka ga yara sun cika shagunan kafe a Bosso da Tunga, iyaye sun biya a koya musu motsa linzami da danna amsa. Ɗan makarantar kuɗi ya shiga ɗakin jarrabawa hankalinsa na kan tambaya. Ɗan makarantar gwamnati ya shiga rabin hankalinsa na kan na'ura, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Shekara goma ke nan muna fafe gora ranar tafiya. Kuma JAMB zama ɗaya ce, darussa huɗu, tambayoyin zaɓi. Duk da haka a 2025 tangarɗar na'ura ta sa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas sake zama. Jarrabawar kammala sakandare kuwa makonni ake yi, darussa takwas ko tara, ga insha'i, ga lissafi, ga zane. Kafen mako biyu ba zai koya wa yaro buga shafin insha'i cikin rabin awa ba. Wannan aikin aji ne, na shekara da shekaru, kuma a hannun malami yake.

To me ya hana malamin? Amsar da aka fi ji a ofisoshi ita ce malamanmu sun tsufa, ba sa son canji, kansu ba ya ɗauka. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin aljihun malaman. Shiga ɗakin malamai na kowace makaranta a Minna lokacin tara. In an kawo wuta, soket ɗaya wayoyi biyar ke rububi. Malamar da aka ce ba ta iya fasaha ba ita ce ke tura kuɗi ta waya, tana tallar atamfa a WhatsApp, tana riƙe da zauren adashin unguwa, tana aika wa ɗanta takardu a Zariya. Malamin nan mai furfura da kansa ya koyi duba albashinsa ta waya. Babu wanda ya kira su bita a kan wannan. Sun ga amfanin abin, na'urar tana hannunsu dare da rana, in sun kakare akwai ɗa ko maƙwabci da zai nuna musu ba tare da ya kunyata su ba. Tun 2017 ma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, a kan kwamfuta take yi wa masu neman lasisin koyarwa jarrabawa, kuma suna ci.

Al'ummarmu ma ba baƙuwar haɗa karatu da na'ura ba ce. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ta Rediyon Kaduna ya shiga ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Bayan rediyo kaset ya zo, bayan kaset memori, yau malamin Islamiyya a Unguwar Daji yana naɗar karatun hadda da muryarsa ya tura zauren iyaye, yaro ya saurara a gida ya maimaita. Duk inda malami ya ga na'ura za ta sauƙaƙa masa aikin da dama yake yi, rungumarta yake. In abin ya gagara a makarantar boko, tsarin ya kamata a duba. Ɗora wa malami laifi barin jaki ne ana dukan taiki.

Tsarin da muka saba shi ne bita, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yadda take. Takarda ta zo daga ofis a turo malami biyu daga kowace makaranta. A taru a babban ɗaki kwana uku. Ranar farko ta tafi a jiran manyan baƙi da jawabin buɗewa. Rana ta biyu masani ya haska majigi ya yi ta bayani da Turanci, mutum ɗari na kallo, kwamfuta biyar na yawo a tsakaninsu. Rana ta uku a raba jaka da takardar shaida, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a ce kowa ya koma ya koyar da 'yan'uwansa. Da me zai koyar? A wane lokaci? Malamin ya koma ajinsa mai yara saba'in, daga allo sai alli, kafin wata guda abin da ya ji ya bi iska. Sau da yawa ma ba wanda ya fi buƙata ake turawa ba, na kusa da ofis ake turawa saboda alawus. Rahoton ƙarshen shekara ya ce an horar da malamai kaza, alhali halarta aka ƙirga, ba a auna iyawa ba. Kuɗin da ke tafiya a nan kuma na al'umma ne: dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a ciki akwai kason horar da malamai da ke bi ta hannun hukumomin SUBEB na jihohi. Kwamfuta hannu ke koyon ta, kamar tuƙi ko ɗinki. Babu telan da ya ƙware da kallon majigi.

Akwai kuma ruɗani kan abin da ake nufi in an ce malami ya iya fasaha. Kunna kwamfuta da buga rubutu shi ne mafi sauƙi, 'yan watanni na taɓawa kullum sun wadatar. Mai wuyar ita ce sanin inda na'ura za ta shiga darasi da inda ba ta da gurbi. Na ga wata malamar kimiyya a ƙaramar sakandare tana koyar da yadda jini ke zagaya jiki. Waya ɗaya gare ta, gilashin ma ya tsage a gefe. Da tsakar dare, lokacin da data ke araha, ta sauke wani ɗan bidiyo na zuciya tana bugawa. Da safe ba ta fara da shi ba. Ta sa kowane yaro ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga bugu. Ta fitar da uku suka zagaya filin makaranta da gudu, suka dawo suna haki suka sake ƙirgawa, ta tambayi aji me ya sa adadin ya ƙaru. Sai da gardama ta kaure sannan ta riƙa kiransu goma-goma gaban tebur. Ta kashe muryar Baturen da ke cikin bidiyon tana bayani da bakinta, Turanci kaɗan, Hausa da yawa, har ta juya ta maimaita wa wasu 'yan mata biyu da Nufanci. Kowane yaro minti biyu ya kalli wayar nan. Sauran darasin duk malanta ce tsantsa. A wata makarantar kuɗi kuma na ga akasin haka: majigi sabo ful, malami ya kunna bidiyon rabin awa ya koma gefe yana latsa wayarsa, rabin aji na gyangyaɗi. Iyaye sun biya kuɗin fasaha, 'ya'yansu sun tashi hannu rabbana.

Abin da ajujuwan nan biyu suka nuna mini, ƙasashe da tsada suka saye shi. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba ɗaruruwan dubbai. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. An ba yara kaya, an bar malamansu yadda aka same su. A Osun, Gwamna Rauf Aregbesola ya raba wa ɗaliban sakandare kwamfutocin hannu na Opon Imo a 2013, aka yi ta shela, bayan 'yan shekaru aka daina jin ɗuriyarsu. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fagen ilimi ya fito fili ya ce ingantattun hujjoji kan amfaninta a aji ba su da yawa, kuma da dama daga binciken da ake yawo da shi daga wurin masu sayar da kayan ya fito.

Jihar Edo ta bi wata hanyar daban. A shirinta na EdoBEST da aka fara a 2018, malami aka ba kwamfutar hannu. Darasin kowace rana yana zuwa a rubuce cikinta, tana nuna ko malami ya zo aiki da ko ya kai ƙarshen darasi, sannan akwai jami'an da ke shiga aji su zauna su saurara. Legas da Kwara sun bi sahu. Ina da ja a kan tsarin, don yana mayar da malami mai karanto abin da wani ya rubuta daga nesa, kalma bayan kalma. Malamar kimiyyar nan ba za ta sami sararin tsayawa ta juya Nufanci ba. Amma sun dace a abu biyu da bitarmu ta rasa: na'urar tana hannun malami kullum, kuma akwai mai zuwa har ajinsa ya gyara masa. A Benin, babban birnin Edo ɗin dai, a 2024, Bankin Duniya ya yi gwajin mako shida inda ɗaliban sakandare suka riƙa koyon Turanci da ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi makaranta, sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Abin da masu yaɗa labarin kan tsallake shi ne malamai suna tsaye a kan yaran daga farkon kowane zama har ƙarshensa, su ke buɗe darasi, su ke lura kada na'ura ta kai su daji.

Mu dawo gida. Babban abin da ke ci wa mutumin Neja tuwo a ƙwarya shi ne wuta. Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro tun 1990, ga sabuwar Zungeru mai megawat 700, duk a jihar da ake wa kirari da gidan wutar lantarki, amma makarantar da ke cikin babban birninta sai ta yi mako ba ta kunna fanka ba. Wannan abin takaici ne da ya wuce ƙarfin malami. Janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya fi ƙarfin makarantar da ba ta karɓar kuɗi a hannun iyaye. Sola ce mafita, kuma ɗakin kwamfuta ɗaya ba ya buƙatar wadda ta fi ta gidan wani babban ma'aikaci.

Sai aljihu. A 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, Gwamna Umaru Bago ya sanar da 80,000 a Neja, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Malamin firamare, wanda albashinsa ke ɗaure da ƙaramar hukuma, ya sha ganin watannin da aka ba shi a gutsure. A cikin wannan zai ciyar da gida, ya biya haya, ya hau mashin zuwa aiki. Wayar da malamar kimiyyar nan ta yi darasi da ita tata ce, datar kuɗinta ne, cajin ma a shagon mai caji ta biya. Ita ke tallafa wa gwamnati ke nan. Babu ma'aikacin banki da ake cewa ya zo da kwamfutarsa daga gida, kuma bai kamata a ci gaba da dogara da sadaukarwar 'yan kaɗan ana kiran ta tsari ba.

Minna ma 'yar gata ce in an kwatanta. Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, ƙananan hukumomi 25, kuma a sassan Shiroro da Rafi da Munya da Mariga malami tunanin ransa yake yi kafin tunanin intanet. Ba mu manta da Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021 ba, da Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar, da makarantar St. Mary's ta Papiri a Nuwamban 2025, wadda bayanta aka rufe makarantu a faɗin jihar. Wani zai ce wanda ke cikin wannan hali maganar kwamfuta ba tasa ba ce. Ni kuwa ina ganin a nan ne ta fi zama dole. Ranar da aka rufe makaranta, ko don annoba kamar 2020 ko don 'yan bindiga, igiyar da ta rage tsakanin malami da ɗalibi ita ce rediyo da waya. Malamin da ya iya naɗar darasin minti biyar ya tura wa iyaye, ya karɓi aikin gida ta hoto, yaransa ba sa komawa farko in an buɗe. Tun Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe Nigeria Learning Passport, rumbun darussa kyauta, har da na Hausa. Na tambayi malamai da dama a garin nan, kaɗan ne suka taɓa jin sunansa.

Ana cikin wannan kuma wani sabon baƙo ya shigo ba sallama. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibin babbar sakandare mai wayar yayansa yana iya kawo insha'i mai santsi da bai rubuta ko jimla ɗaya ba. Malamin da bai san abin ba zai ba shi maki mai yawa ya yabe shi, yaron da ya yi guminsa ya zo na baya. Malamin da ya sani zai ce wa yaron ya rufe littafi ya faɗi abin da ya rubuta da bakinsa. Shi ma malamin yana iya amfana: ya sa manhajar ta tsara masa shirin darasi, ta fitar masa da tambayoyi ashirin kan kashi-kashi a lissafi, aikin awa biyu ya koma minti goma. Sai dai takan shirga ƙarya da cikakken ƙarfin hali, musamman in an zo tarihinmu da harsunanmu. Wanda bai san darasinsa ba zai kwafe kuskuren ya ɗora a allo, yara saba'in su haddace. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka nake ganin tsofaffin malamai, waɗanda dokar tarayya ta 2022 ta ƙara wa wa'adin aiki zuwa shekara 65, ba kaya ne da za a jira su sauka ba. Su suka san darasin, su suka san yaro. Abin da suka rasa ɗan ƙarami ne, kuma ana iya koya musu in an yi cikin mutunci.

Sabuwar manhajar karatu da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2025 ta sa ilimin fasahar zamani tun daga firamare, ta kuma kawo sana'o'i kamar haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta. Tunani ne mai kyau. Amma wa zai koyar? Masu gyaran waya na garin nan suna Obasanjo Complex, a bakin tebur suka koya, ba su da takardar koyarwa. Masu takardar kuma da yawansu ba su taɓa buɗe bayan waya ba.

A nan ne arzikin da na fara da shi zai yi rana. Jami'ar Fasaha tana da tsangaya sukutum ta ilimin koyar da kimiyya da fasaha, da wata ta fasahar sadarwa, ɗalibanta na neman inda za su yi aikin gwaji kowace shekara. Kwalejin Ilimi na tura ɗalibai koyon koyarwa makarantu. 'Yan hidimar ƙasa na fitowa daga sansanin Paiko rukuni bayan rukuni, da yawansu kwamfuta a jakarsu. Me zai hana Ma'aikatar Ilimi da SUBEB su zauna da waɗannan cibiyoyi a ɗaure kowace makarantar gwamnati a Minna da matasa biyu ko uku, aikinsu zama da malamai awa ɗaya kowane mako, a makarantar, a kan darasin da malamin zai koyar gobe? Matashin ya nuna wa dattijon na'ura, dattijon ya nuna masa yadda ake riƙe aji. Kuɗin bitar otal guda zai ɗauki nauyin wannan zango guda. A ba malami na'urar da za ta kwana a hannunsa, da datar aiki kowane wata. A cire masa tsoron tuhuma, a ware wa kowace makaranta kuɗin gyara, don kwamfutar da yara ke taɓawa dole wata rana ta lalace, kuma gara ta lalace a hannunsu da ta mutu ƙarƙashin ƙyalle. Ita kuma Kwalejin Ilimi, kada ta yaye ɗalibin da bai tsaya gaban aji ya koyar da darasi ɗaya da na'ura an gani ba.

Ku ma malamai, akwai naku. Wayar da ke aljihunku ta isa a fara. Kowace makaranta tana da mutum ɗaya da ya fi saura sanin abin, a daina jin nauyin tambayarsa don yaro ne. Ƙungiyar malamai ta NUT, yadda take tsayawa kan albashi da ƙarin girma, ta sa na'ura da data da horo a cikin makaranta cikin buƙatunta. Iyaye kuma, a taron PTA na gaba, ku roƙi a buɗe muku ɗakin kwamfuta ku gani, ku tambayi ranar ƙarshe da 'ya'yanku suka shiga.

Roƙona na ƙarshe ga NECO ne, tunda maƙwabciyarmu ce. Kafin ta tsayar da ranar da jarrabawa za ta koma kwamfuta gaba ɗaya, jami'anta su fito daga hanyar Bida su shiga makarantun gwamnati goma a Kpakungu da Maitumbi da Chanchaga, ba tare da an sanar da zuwansu ba. Su zaunar da malamai da ɗaliban ajin ƙarshe gaban na'ura, su ba su shafi guda su buga. Abin da suka gani a ranar, shi ya kamata ya yanke lokacin.